Auta da Motar Alli

Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ranar da aka haife ta nake kallon sa'arta daga gefe. Ni na goya ta, ni na wanke mata tsumma, amma in baƙi sun zo ita ake ɗagawa sama ana cewa, "Kai, yarinyar nan da farin jini take!" A makaranta ba ta taɓa wuce tsakiyar aji ba. Shekarar da ta yi abin kai ta ci lissafi, har takalmi Baba ya sayo mata. Ni da nake zuwa ta ɗaya, addu'a kawai ake yi min a ce in je in ɗora ruwan wanka.

Da karatu ya ƙi ta, aka kai ta wajen wata tela a bakin kasuwa. Na ce a raina, yawwa, yanzu za ta san duniya. Ashe can ma abincinta yake. Hannunta yana da kyau, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Ba ta sa almakashi a yadi sai ta shimfiɗa shi a ƙasa ta zane shi da alli, hannu a nan, wuya a can, ta goge ta sake, har sai ƙyallen da zai ragu bai isa goge tabarau ba. Ta auri wani mai walda, mutum shiru-shiru da har yau yake kallon ta kamar jiya aka kawo masa ita. Suka kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya bayan kasuwa, keken ɗinki a ƙarshen gado, yaransu biyu a ƙasa.

Garin nan namu, numfashi ne kawai ba a saka wa kuɗi ba. Ni ina aiki a kantin magani, maigidana direban ofis ne, kuma ɗaki da falo muke haya a hawa na uku, mu da yara huɗu. Tun rasuwar Baba, Inna tana wajena. A falo take kwana, kuma gwiwoyinta ba sa barin ta sauka sai in asibiti za mu. Ni ke kawo mata magani, ni ke gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi. Da wahala, amma abu ɗaya ne a duniya da nake da shi Auta ba ta da shi: uwarmu a ɗakina take.

Wata Asabar sai ga Auta ta hawo tana haki, waya a hannu.

"Inna, Yaya, ku ga gidanmu!"

"Gidanku na ina?" na ce. "Gado kuka ci?"

"Tashi za mu yi. Abokin baban yara ya sama masa rumfar walda a can garin da abokin yake. Yini guda ne a mota. Dubi, ɗaki uku, ga tsakar gida, ga famfo, ga bishiyar lemo. Wallahi Yaya, hayar ba ta kai ta akurkin da muke ciki ba."

Na karɓi wayar na duba. Na ce Allah ya sanya alheri, amma iyakarta baki. Kishi ne, ba sai an yi min fassara ba. Shekara da shekaru ina shanya a kan ƙarfen baranda, ga Auta za ta shanya a ƙarƙashin bishiya. Sai dai ba bishiyar ce ta fi tsaya min ba. Su da yara ɗaki biyu ya ishe su. Na ukun na wa? Na saci kallon Inna, na ga ta matso da hoton kusa da idonta, tana tambaya ko gidan yana da matakala. Auta ta ce ko ɗaya.

Mai motar kaya ya gaya musu sawu ɗaya zai yi, abin da bai shiga ba sai dai su bar shi. Da wata ce, da ta zauna tana kuka a kan kujerunta. Auta kuwa tef ɗinta ta ɗauka ta tafi tasha, ta hau bayan motar ta auna tsawo da faɗi, ta dawo ta zana ta da alli a kan simintin tsakar gidan hayarsu. Mota guda, har da wurin tayoyi. Kullum da yamma sai ta fito da kaya ta jera a cikin zanen, ta ja da baya ta kalla, ta sauya, kamar dai yadda take yi wa yadi. Maƙwabta suka samu abin kallo. Yaran gidan har shiga suke suna tuƙi da baki.

Ƙa'idarta ɗaya ce. Duk abin da yake tsada a nan, araha a can, ba ya tsallaka layin. Gado, kujeru, kabad, duk ta sayar, don an ce katako a can kamar a roƙe ka ka ɗauka. Abin da yake araha a nan kuma, shi ta cika motar da shi: zare, zif, maɓallai, allurar keke, da ƙarafan aikin mijinta. Ni kuma ina tashi daga aiki sai in biya, wai taya ta nake. Gaskiya ɓaraka nake nema.

Na kuwa samu. Wata mai sayen magani a wajenmu 'yar can ce, na bugi cikinta, ta gaya min abin da suke biyan tela. Ranar har sauri nake a hanya.

"Ke Auta, araha fa ba ta ado. Kin san nawa ake ɗinki a can? Rabin na nan. Garin da haya take banza, aikin hannu ma banza ne."

Tana durƙushe, alli a bayan kunne, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sani, Yaya. Amma a nan fiye da rabin ɗinkina na mai gidan haya ne. A can ko rabi aka ba ni, nawa ne."

Na yi tsaki na ce za mu gani. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni buhu-buhu na riƙa kai wa Auta.

Ana cikin haka na lura da wata kusurwa, can gaba, jikin ɗakin direba, inda ba a jin girgiza sosai. Komai ta sauya, nan wurin ba ta taɓa shi. Keken ɗinkinta ma, da take ji da shi kamar ɗa, ta gwammace ta tura shi baya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni da nake zagaye akwatin ƙarfen Inna kullum in ina shara, na san faɗinsa ko a mafarki.

"Wannan gurbin na mene ne?"

Ta shiga kakkaɓe allin hannunta.

"Da ke nake!"

"Yaya, ban ce dole ba. Na dai bar wuri."

"Kin bar wuri! Lokacin da take kwana tana nishi kina ina? Yanzu kin samu bishiyar lemo, sai uwa ta rage miki ki dasa a gindinta?"

"Yaushe rabon Inna da ta taka ƙasa, Yaya?"

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ya ƙara min haushi. Na sa ƙafa na murje layin allin, na fita. Washegari aka ce min ta sake zana shi.

Daga nan na ɗaura ɗamara. Na sayo wa Inna sabuwar katifa, abin da na daɗe ina ce mata sai wata mai zuwa. Na riƙa jefa magana in muna zaune: an ce asibitin can sai ka yini ba ka ga likita ba, an ce sauronsu ba ya jin magani, ƙwayar gwiwar nan ma anya ana samun ta gaske a can? Na koya wa ƙaramata ta riƙa kwanciya a cinyar Inna tana cewa kakarmu ba inda za ta. Inna tana jin mu. Iyakarta ta ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Na rasa gane wannan alherin a hawa na nawa yake.

Ana gobe tafiya na dawo daga aiki da la'asar, ledar maganinta a hannuna. Ina tura ƙofa na ga akwatin a tsakiyar falo, an ɗaure shi da igiyar shanyata. Inna tana zaune a kai, tana ninke sallayarta.

"Inna, mene ne haka?"

"Zo ki zauna."

Na ƙi zama.

"Na yi miki wani abu ne? Abincin ne? Ko hayaniyar yara? In matakala ce, wallahi zan nemi ɗaki a ƙasa, ko nawa ne."

"Ke dai kin cika faɗa. Wace ƙasa, a garin nan? Ba abin da kika rage ni da shi, Allah ya yi miki albarka. Amma dubi yarinyar nan. Za ta garin da ba ta san kowa ba, ga ciki, ga ƙananan yara. In ta haihu wa zai riƙe ta?"

Cikin ma a bakin Inna na fara jin sa.

"Ni fa?" na ce.

"Ke? Ke ai ba na jin ki. Ko a tsakiyar daji aka ajiye ki sai kin yi gida. Ke uwa ce. Ita ce dai har yanzu yarinya."

Auta ta haura talatin. Ni na haura arba'in, da furfura a gaban goshi, amma na tsaya a tsakiyar falona kamar yarinyar da aka ƙwace wa alewa.

"Inna," na ce, "ni ma fa 'yarki ce."

Sai ta yi dariya. Dariya sosai, har da dafa gwiwa, don ta ɗauka zolaya nake. Ta kamo hannuna ta ɗan bubbuga.

"Ji ta da Allah! To 'yata, gobe ki tashi da wuri. Kada ki bar mijin Auta ya taɓa akwatin nan, zai buga min shi a bango. Ke ce mai ƙarfi, ke za ki saukar min da shi."

Da gari ya waye na yi gammo, na ɗora shi a ka, na sauka da shi a hankali. Ko sau ɗaya bai taɓa bango ba.