Baba Shitu, Mai Bin Kibiyar Wasu

A da, kullum da an sallame asuba, Baba Shitu yakan zauna a kan kututturen ƙofar gidansa, a wani ƙauye gabas da Kafur, yana wasa wuƙa, yana jiran wanda zai zo da ɓarna. Shi bai taɓa rataya kwari da baka ba. Aikinsa bin sawu ne. In maharbi ya harbi barewa ta gudu da kibiya a jiki, shi zai bi jini har ya same ta da sauran rai a yanka, kada ta zama mushe. Shekara talatin yana wannan, bana idanu suka ce ya huta. Amma a tambayi maroƙan garin ko akwai wanda ya san kirarinsa. Ko ɗaya!

Masu cirar auduga dai ba su manta da kakar bara waccan ba. Maharazu, maharbin da bakinsa ya fi hannunsa saiti, ya harbi barewa a bakin fadama da hantsi, ta faɗa gonar audugar Hajjo. Ya bi ta taki goma, ya dawo wurin Baba Shitu da karyayyen kyauron kibiyar a hannu.

"Baba, ba rabonmu ba ce," in ji shi.

Baba Shitu ya jujjuya kyauron. "Ina ƙarfen?"

"Yana jikinta mana."

"Ka gani da idonka? Da dafi ko babu?"

"Haba Baba, ni zan saki kibiya gaya, ba miya?"

Dafin kuwa irin wanda ko ƙwarzanar mutum ya yi, sai dai a je wa iyalinsa gaisuwa. Ga mata goma sha biyu sun iso da kwanduna, ba mai takalmi a cikinsu. Baba Shitu ya tsaya a bakin gona, ya gitta sandarsa.

Hajjo ta dire kwandonta. "Baba, gobe motar Funtuwa za ta zo kwasar auduga! Saboda naman da ko ƙashinsa ba za mu gani ba za ka tsare mu?"

"Zage ni, 'yar nan. In dai a tsaye kike zagin, na gode Allah."

Ya durƙusa ya shiga. Jini a kan farar auduga ba ya ɓuya, kuma daga tsayin inda ya shafa ya gane a cinya aka same ta. Kunya bayan kunya ya bi, har ya iske ta kwance gindin kalgo a ƙarshen gona, tana haki. Ya yi bisimilla ya yanka. Maharazu, wanda sai yanzu ƙafarsa ta warware, ya ɗaga baka ya fara kirari. Baba Shitu ya zura tsinke a cikin raunin. Babu ƙarfe.

Sai ya juya ya sake bin sawun da baya, da rarrafe, yana ɗaga busassun ganye ɗaya-ɗaya. Rana ta take, mata na ta tsaki a inuwa. Gab da azahar ya miƙe riƙe da ƙarfen. A kwarin kunya ta uku ya same shi, tsininsa a sama, daidai layin da Hajjo kan fara cira.

To me aka saka masa da shi? Maharazu aka buga wa ganga. Baba Shitu kuwa, kayan ciki aka miƙa masa a ganye. Hajjo kuwa ta daɗe tana kallon ƙarfen nan, ta dubi tafin ƙafarta, sannan ta ce ya karya mata auduga gindi bakwai. Haka kawai, wallahi.

Kai ne, Baba, kake shiga inda mai harbi ya juya baya. Matan nan goma sha biyu suna nan suna taka ƙasa, wasunsu har da goyo, kuma da yawansu ba su taɓa ce maka sannu ba. To ga ta yau a rubuce, ko da ta makara: sannu da aiki, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwoyinka lafiya.

Ku kuma maharban Kafur da Malumfashi, Baba ya zauna, ba mai yi muku rarrafe kuma. Duk wanda ya saki kibiya, kada ya dawo gida sai ya san inda ƙarfenta ya kwanta.