Waya Talatin da Shida: Jinjina ga Malam Badamasi Mai Keke

Malam Badamasi ba ya komawa barci bayan sallar asuba. Yakan sha kokonsa a zaure, ya zura rigar aikinsa wadda baƙin mai ya mayar kamar fata, ya tura kekensa zuwa rumfarsa a bakin titin da ya fita daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Shi yake share wurin da kansa. Ya cika kwanon ruwan da yake neman hujin tiyub a ciki, ya jera sifanoni a kan buhu, sannan ya gaisa da Hajiya Ma'u mai ƙosai da ke suya a gefensa. Shekara arba'in da ɗaya yana haka. A makon jiya ya rufe rumfar, kuma ya kamata mutanen garin nan su san dalili.

Faci kowa na iya yi. Abin da ya raba shi da sauran masu gyara shi ne saƙar ƙafar keke. Zai ɗauki rim, wato zoben ƙafar, tsirara, ya zura wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya juya ƙafar yana kafa farcen babban yatsansa a gefe don ya ji inda take rawa. Sai ya riƙa taɓa wayoyin da yatsa yana sauraron amonsu. Wadda ta yi sako-sako, kunnensa ne yake fara kama ta. Manoman Shema da masu ɗaukar madara daga rugage sun san cewa ƙafar da ya saƙa tana kai buhun gero gida. Amma ba ya ɗora wa kowa ƙafa sai ya yi tambaya uku: wace hanya kake bi, me kake ɗauka, sau nawa a mako. Wasu suna ganin wannan tsaurin kai ne. Ni na ce sanin aiki ne, kuma ya yi ƙaranci a zamanin da kowa ke son abin da ke ƙyalli.

Bayan damina ta bana wani malamin motsa jiki daga Kurfi, mai suna Talha, ya zo rumfar da keken tsere na gwanjo, irin mai siririn taya, wanda ya sayo a Kano. Shekara biyu yana neman shiga cikin 'yan tseren da za a zaɓa a Katsina. Saura mako shida a yi gwajin, mutum shida za a ɗauka, kuma shekarunsa sun kai inda ba zai sake samun wata damar ba. Ƙafafun keken marasa nauyi ne, waya goma sha shida kowace. Birki kawai ya kawo a gyara masa.

Badamasi ya ɗaga ƙafar gaba da yatsa biyu, ya ji kamar faifai.

"Malam Talha, wace hanya kake bi da wannan?"

"Kurfi zuwa nan, Baba, in koma. Kullum."

"Kullum? Ta ramukan Birchi?"

"To ai titin ke nan, Baba. Ko za ka shimfiɗa mini wani?"

Hajiya Ma'u ta yi dariya daga bakin kasko. Badamasi bai yi ba. Ya ce, "Waɗannan ƙafafun na rana ɗaya ne, ranar tsere. Waya ɗaya ta tsinke a nan, ƙafar ta karkace ta kama birki, kai kuma ka sumbaci kwalta. Ka bar su a wurina. In saƙa maka na kullum, waya talatin da shida, rim mai kauri, taya mai ɗan faɗi."

"Haba Baba! Ƙafar keken masu itace? Abokaina su gan ni a kanta?"

"Abokanka ne za su ɗora maka ƙashi in ya karye?"

"Ka ji shi, ɗan nan," in ji Hajiya Ma'u. "Tsohon nan ko keken mijina ya taɓa ƙwacewa. Sai da marigayi ya yi kwana uku yana zuwa kasuwa a ƙasa."

Talha ya tafi yana gunaguni, yana cewa tsoho bai san keken zamani ba. Maganar ta zaga, Badamasi ya ji ta a bakin wasu, ta kuma yi masa zafi, don shi ma ya san bai taɓa riƙe irin waɗannan ƙafafun ba sai sau biyu a rayuwarsa. Amma bayan kwana uku Talha ya dawo, saboda waya ɗaya ta fara ƙara a hanya. Badamasi bai ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ya cire ƙafafun, ya duba su a hasken rana, ya ce lafiyarsu ƙalau, ya naɗe su cikin buhu ya rataye a saman rumfa. Kwana biyu ya yi yana saƙa sababbin.

Mako biyar Talha yana hawan masu nauyi, har ya laƙaba musu suna jaki. Duk safiya zai wuce gaban rumfar yana haki, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, jakinka na gaishe ka!" Badamasi ya ce, "Ka ba shi dusa." Wata rana kusa da Birchi garken shanu ya tsallaka titi, Talha ya kauce, ya faɗa rami da gudu. Waya biyu suka tsinke. Ƙafar ta ci gaba da juyawa, ya iso Dutsin-Ma a kan sirdinsa. Direbobin da suka ga abin suna nan da rai, a tambaye su.

Saura kwana biyu gwaji, Badamasi ya sauko da buhun don ya daidaita ƙafafun tsere. Yana shafa rim ɗin baya da yatsa sai farcensa ya maƙale a bakin ramin wata waya. Ya sake shafawa. Tsagewa ce, siririya kamar gashi, kuma tsohuwa ce, datti ya riga ya zauna a cikinta. Tana nan ranar da ya duba ya ce lafiya ƙalau. Idonsa ne bai gan ta ba.

Ya zauna a kan benci. Babu wanda ya sani sai shi. Yana iya cewa a cikin buhu ta tsage. Yana iya yin shiru, wataƙila rim ɗin ya kai ƙarshen tseren. Da Talha ya iso, sai ya kama hannunsa ya ɗora yatsansa a wurin.

"Ka ji? Tun ranar farko take nan. Ni ne ban gani ba. Da na gani, da ka sami mako biyar na neman wata. Laifina ne, ɗana, ka yafe mini. Amma ba za ka hau wannan ba."

Talha ya sake shafa wurin da kansa. Idonsa ya kawo ruwa. Can ya ce, "To da mi zan yi tseren, Baba?"

"Ta gaba lafiyarta lau, na bi ta da yatsa sau uku. Ta baya kuwa, jakinka."

Haka ya je Katsina, ƙafa ɗaya ta tsere, ɗaya ta masu itace. An yi masa dariya a wurin tashi. Ya zo na biyar.

Ranar da labarin ya iso, mutane suka taru a rumfar suna yi wa Badamasi barka. Ya amsa, ya gode. Washegari ya tattara sifanoninsa. Hajiya Ma'u ta ce, "Malam, yanzu da sunanka ya fito za ka tafi?" Ya ce, "Hajiya, wannan karon yatsa ya cece ni. Wata rana ba zai bi ta wurin ba, kuma ɗan wani ne a kan keken."

Malam Badamasi, kai ne ka ƙi sayar wa mutum abin da yake so don ka ba shi abin da zai kai shi gida. Kai ne ka faɗi kuskurenka da bakinka a ranar da shiru zai rufa maka asiri. Gwanin saƙa, mai kunnen waya, ka sauka da kanka ba tare da an ce ka sauka ba. Mun san likitoci da direbobi da masu gini da suka fi ka karatu, waɗanda hannunsu ya gaza tuntuni amma sun ƙi ajiyewa, kuma wasu ne ke ɗaukar raunin.

Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta cikin lafiya, ya saka maka da Aljanna. Ku kuma masu sana'a, in kun ga tsagewa a aikinku, ku kira mai kaya ku ɗora yatsansa a wurin.