Layin da Ya Ɓuya a Gefen Waya

Ni mutum ne mai komawa ya duba kwaɗo bayan ya kulle. Sau biyu, wani lokaci sau uku. A rumfata ta maganin dabbobi da ke bakin kasuwar shanu, ba na miƙa wa kowa kwalba sai na karanta ranar lalacewarta, ko da jiya na karanta. Firamare kawai na yi, shi ya sa ba na karatu da gudu. Da yatsa nake bin layi. Dillalai sun daɗe suna min tsiya, wai kafin in sayar da allura ɗaya an loda tirela biyu.

'Yata ta fari ta yi karatun kwamfuta. Wasu masu aikin lafiyar dabbobi suka ba ta aikin shirya kwas da za a riƙa yi ta waya, domin masu rumfa irina da makiyayan da suka iya karatu. Likita ne ya rubuta darussan, ita kuma ta jera su. Wata guda ta yi a tsakar gidanmu a Yerimaram da kwamfuta a kan cinya. Ran Juma'a za ta miƙa aikin, daga nan ya shiga wayoyin mutane, daga Yindiski har Mamudo da ƙauyukan bayanta.

Ni da ita ba ma doguwar magana. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, in kuma tana zaune a wuri ba na zama. Haka na taso na ga iyayena suna yi. Abin da nake so ta sani, mahaifiyarta nake gaya wa. Ta hannun mahaifiyar ma aka sa min kwas ɗin a waya ran Talata, wai in gani in sa albarka.

A rumfa na buɗe shi. Wayata ƙarama ce, kuma tun da idona ya fara rauni mai gyaran waya ya ƙara min girman rubutu. Darasi na ɗaya zuwa na uku na bi su da yatsa, ina jin daɗi. A na huɗu aka jera magunguna cikin jadawali: sunan magani, cutar da yake yi wa, da yawan da za a ja a sirinji. Nan ya tsaya. Ban ga kwanakin jira ba.

In an yi wa saniya allura, maganin yana zama a jikinta na wasu kwanaki. Kafin su cika ba a yanka ta, ba a shan nononta. Wannan shi ne abin da nake maimaita wa duk wanda ya sayi magani a wurina har ya gaji da ni, domin na san nonon nan gobe yana cikin ƙwarya, yara suna sha. Ga shi kwas zai tafi ƙauyuka ba shi a ciki, kuma hannun 'yata ne a kai.

Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na ce wa kaina wataƙila likita ne ya ga bai da amfani, ni wane ne da zan gyara wa likita. Can kuma na ce wataƙila wayata ce ta tsufa. Sai na bi maƙwabta, mai shayi da mai igiya da wani dillali, na roƙi mai gyaran waya ya buɗe min darasin a nasu. A ta mai shayi babu, a ta mai igiya babu. A ta dillalin, wadda ta fi faɗi, na hango rabin harafi a can bakin gilashi. Na ja da yatsa zuwa hagu, sai ga layin kwanakin jira ya fito gaba ɗaya. Ashe yana nan, ɓuya ya yi. Mu kuwa sama muke tura rubutu, ba wanda ke jan sa gefe.

Ran Laraba na yi wa mahaifiyarta bayani dalla-dalla. Abin da ya isa kunnen yarinyar shi ne, Babanki ya ce wayarsa ba ta nuna abin da kyau. Amsa ta dawo cewa ta duba, komai lafiya, Baba ya kwantar da wayar a kaikaice. Na kwantar, rubutun bai juya ba. Ta mai shayi ma haka. Yawancinmu mun sa an kashe mana juyawar nan, don tana damun mutum.

Ran Alhamis da la'asar na ari wayoyin nan uku. Dillalin ya ce in ciniki ya wuce shi, ni zan aura masa mata ta biyu. Na zuba su a aljihu, na hau keke zuwa gida. Na daɗe a zaure. Na cire hula, na mayar, na sake cirewa. Sannan na shiga, na zauna a bakin tabarmar da take kai, na jera wayoyi huɗu a gabanta. Ta miƙe za ta ba ni wuri, na yi mata nuni da hannu ta zauna.

"Ke," na ce, "duba darasi na huɗu a nan."

Ta duba ɗaya bayan ɗaya, kanta a sunkuye. Ta ce, "Baba, ai sai a ja gefe."

"Wa zai gaya wa mutumin Mamudo ya ja gefe? Hannu ɗaya igiya, hannu ɗaya waya. Abin da ya gani, shi ke nan ya gani."

Ta sake duba wayoyin. Can ta ce a kwamfuta ta gwada, sai kuma a wayarta, kuma tata babba ce. Na ji muryarta ta sauya, har na fara da-na-sanin zuwa. Sai ta ɗago ta tambaye ni, in ni ne, yaya zan jera shi.

Ban san kwamfuta ba, rumfa na sani. Na ce ni kwalba ɗai-ɗai nake ɗora wa mutum a gaba, ba na zube masa goma. Kuma kwanakin jira nake fara faɗa, tun hankalinsa bai tafi wurin saniya ba. Ta rushe jadawalin nan ina kallo. Kowane magani ta ba shi nasa shafi, daga sama zuwa ƙasa, kwanakin jira a kan gaba da baƙin rubutu mai kauri. Da na ga tana saurare, na ƙara da cewa koren rubutun nan mai haske ba ya ganuwa a rana, wurin dannawa kuma ya yi wa babban yatsan makiyayi kaɗan. Ta ɗauki wayar mai shayi ta fita cikin rana ta duba da kanta, ta dawo ta sauya.

Mahaifiyarta ta leƙo daga madafa ta ce, "Yau kuma uba da 'ya a tabarma ɗaya? Bari in kira maƙwabta su shaida." Muka ci gaba da aikinmu.

Kafin magariba ta gama. Na bi darasin a wayoyi huɗun da yatsa, sau biyu kowace, sannan na mayar wa masu su. Ran Juma'a ta miƙa. Tun daga nan duk darasin da ta shirya, sai mahaifiyarta ta zo karɓar wayata, wai ba a sakin darasin sai an gwada shi a wayar tawa.

Bayan damina wani mutum ya zo daga wajen Mamudo sayen allurar sammore. Na karanta ranar lalacewa, na buɗe baki zan fara maganata, sai ya ɗaga min wata ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, igiya a ɗaya hannun. Ya ce, "Na sani, Malam. Ga shi nan a sama." Ya faɗi kwanakin daidai.

Na so in gaya masa wadda ta sa shi a sama, amma ba a yabon 'yar fari a kasuwa. Na ƙulle masa kwalbar a leda, na sake faɗa masa kwanakin duk da haka.