Bu Partini da Yarinyar da Ta Daina Magana

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Gunungkidul, Bu Partini ta riga ta share baranda, ta ba awaki ganye, ta ɗora ruwan shayi. Sai ta shimfiɗa tabarmi, ta ajiye kwandon gora a tsakiya, ta zauna jiran yaranta. Ba ƙararrawa, ba kujeru, ba bulala. Yaran kan ɓullo ɗaya bayan ɗaya ta cikin gonakin rogo, kowa da abin da ya tsinto a hanya: wannan ganye, waccan katantanwa, wani kuma dutsen da ya rantse ya yi kama da hancin kakansa. Duk a kwando ake zubawa. Daga nan kowa ya cire takalmi, ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido, a yi tsit. In ta ga numfashinsu ya daidaita, sai ta tambaya a hankali, "To, me kunnuwa suka kawo mana yau?"

Sama da shekara ashirin ke nan tana wannan aiki. Bana ta ce gwiwa ta gaza, ido ya soma yaudararta, wannan daminar ce ta ƙarshe. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinta yanzu, tana raye tana ji, domin mu mutanen ƙauyen nan mun ƙware wajen yabon mutum bayan an binne shi.

Da 'ya'yan cikinta ta fara. Makarantar gwamnati na bayan tudu, in ruwa ya sauka hanyar ta zama santsi, yara su dawo da taɓo har kunne. Ta ce bari ta riƙe nata a gida ta gani. Ba ta taɓa zagin makaranta ba, kuma duk yaron da ya kai munzali sai ta raka shi ya zana jarrabawar da hukuma ke yi wa masu karatun gida. Tsarinta dai daban ne. Abu guda take ɗauka, a zauna a kansa har lokacinsa ya wuce. In ana haƙar rogo, to komai rogo ne. A auna shi a koyi lissafi, a kwatanta shi a koyi rubutu, a je wurin tsofaffi su ba da labarin shekarun yunwa da rogo kaɗai ya riƙe mutane. In rani ya yi tsanani, tankunan ruwan sama suka ƙafe, sai a koma kan ruwa: ina yake zuwa in ya nutse a cikin duwatsun nan, kuma me ya sa ba ya dawowa? A hankali maƙwabta suka soma turo nasu 'ya'yan.

Masu dariya ma ba su yi ƙaranci ba. Sarkinsu shi ne Pak Wasito, kafinta ne, bakinsa ya fi zartonsa kaifi. A rumfar shayi ya raɗa wa barandar suna makarantar kallon tururuwa. "In dai zama shiru karatu ne," in ji shi, "ai akuyata ta daɗe da zama farfesa." Aka yi ta ƙyaƙyatawa. Da maganar ta kai kunnen Bu Partini, cewa ta yi a gaishe mata da akuyar.

Sai ga shi abin ya faɗo gidansa. Matarsa ta samu aikin gida a Hong Kong, kamar mata da yawa a nan. Ranar tafiya aka yi abin da aka saba yi don gudun kukan yaro: aka fitar da ita da sassafe 'yarsu Kinanti na barci, da ta tashi aka ce Ibu, wato uwarta, ta je kasuwa. Yarinyar, wadda ba ta daɗe da shiga aji ɗaya ba, ta zauna bakin hanya tana jira. Washegari ma ta zauna. Da ta gaji da tambaya sai ta daina tambayar, daga nan ta daina magana gaba ɗaya. Likita ya duba ya ce kunne lafiya, maƙogwaro lafiya. Kakarta Mbah Ponikem, mahaifiyar Pak Wasito, ta zaga da ita wurin masu tofi, a banza. In uwar ta kira a waya, sai yarinyar ta juya baya. Aka shekara a haka. Pak Wasito ya rame, raha ta ƙare masa, a ƙarshe ya yanke shawarar kai ta makarantar kwana ta kurame a birni. Yarinyar da aka raba da uwarta, ga shi za a raba ta da gidan ma.

Bu Partini ta same shi yana feƙe katako a ƙofar gida.

"Pak Wasito, ka ba ni aron Kinanti zuwa ƙarshen damina."

Ya ɗago ya dube ta. "Haba Bu. Yarinyar da ba ta magana za ki kai inda ake koyar da shiru? Ai ta riga ta sauke wannan karatun."

"To ka ga ta samu ajin da za ta zo ta ɗaya."

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne. "Ɗauke ta. Amma ruwa na ɗaukewa zan kai ta birni. Na riga na yi wa uwarta alkawari."

A waccan daminar itacen jati, wanda kafintoci ke yanka katako da shi, aka ɗauka a matsayin darasi. Kowa ya san yadda abin yake: ruwan farko na sauka jati ya yi sabon ganye, tsutsa ta cinye shi tas, sannan ta riƙa saukowa a kan zare kamar na gizo-gizo, har 'yan mata su riƙa hawa babur da rigar ruwa alhali sama garau. In tsutsar ta kai ƙasa sai ta naɗe kanta cikin busasshen ganye, ta sandare, ta zama abin da muke kira ungkrung. A nan ne gari ke fitowa tsinta, domin soyayyen ungkrung da tafarnuwa da gishiri, kai, a bar maganar. Yaran baranda kuwa suka auna faɗin ganye da tafin hannu, suka zana tsutsar, suka yi gardama kan ko itacen na jin zafi.

Abin da waɗanda suka zauna a barandar ke tunawa har yau shi ne, ko sau ɗaya Bu Partini ba ta ce wa Kinanti "yi magana" ba. In an buɗe ido da safe kowa yana faɗin abin da ya ji, layi ya zo kanta, sai malamar ta juyo ta jira ta daidai yadda take jiran kowa. Sannan ta ce, "Mun gode, Nduk," kamar yadda uwa ke kiran 'yarta, ta wuce kan na gaba. Kullum haka, ba gajiya, ba tsaki. Yaran ma suka koyi jiran.

Kinanti ce ta fi kowa daɗewa a gindin jati. Ta tara ungkrung masu ƙiba a ɓawon kwakwa, ta rufe da ganye. Bu Partini ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Kina so ki ga abin da zai fito? Tafi da su gida, ki ajiye a wuri mai sanyi, ki riƙa dubawa safe da yamma." Yarinyar ta duba duk gidansu, ba inda ya kai gefen randa sanyi, a cikin madafi. Nan ta ajiye su.

To, wa zai ga ungkrung a madafi a ƙasar nan ya ce karatu ne? Mbah Ponikem ta dawo daga gona da la'asar, ta buɗe ganye, ta washe baki. "Allah ya yi wa jikar nan albarka, ta soma tunanin cikin gida." Ta ɗora kasko, ta daka tafarnuwa. Ƙamshin ne ya jawo Kinanti daga bayan gida. Ta tsaya a ƙofa, ta dubi ɓawon kwakwa wayam, ta dubi kasko.

"Mbah! Nawa ne! Ba na ci ba ne, jira nake su fito!"

Cokali ya suɓuce daga hannun tsohuwa. "La'ilaha illallahu! Wasito! Wasito, zo ka ji ikon Allah!"

Yarinyar ta fita a guje tana kuka, ba ta zame ko'ina ba sai barandar malamarta. Kafin ka ce me, rabin unguwa ya biyo ta. Mata na guɗa, wani na cewa a yanka kaza, Pak Wasito a gaba ya ɗaga waya yana neman layin Hong Kong. "Nduk, sake faɗa! Ce Bapak, kira babanki! Kalma ɗaya kawai, Ibu ta ji!" Kinanti ta ƙanƙame zanin Bu Partini ta baya, bakinta ya sake rufewa gam.

Ranar ce kaɗai aka taɓa jin Bu Partini ta ɗaga murya. "Kowa ya koma gidansa! Yarinya na makoki, ku kuna biki?" Aka yi cirko-cirko, aka watse da kunya. "Kai ka tsaya, Pak Wasito. Sa wayar a aljihu. Cire takalminka."

"Bu, magana fa ta yi! In muka bari ta huce..."

"Na ji. Ba kaza ba ce da za ta tsere. Zo mu zauna."

Ta kai su gindin jatin da ke bayan gidanta, su uku suka zauna a kan ganye. Shi da kansa ya ba da labarin daga baya a rumfar shayin nan, kuma a ranar ba wanda ya yi dariya. Ya ce da farko ƙaiƙayi ya ishe shi, yana ta mutsu-mutsu. Can ya ji babur a nesa. Can ya ji wani yayyafi siriri alhali ba hadari, ashe kashin tsutsa ne ke zuba a kan busasshen ganye, shi da ya yi shekaru yana yanka jati bai taɓa ji ba. Daga nan sai ya ji numfashin 'yarsa, yana sarƙewa da sauran kuka. Ya ce a lokacin ya tuna, tun tafiyar uwarta bai taɓa zama kusa da ita ba tare da yana neman wani abu daga bakinta ba.

Ba wanda ya sa shi. Ya ce, "Nduk, mun ce miki Ibu kasuwa ta je. Ƙarya muka yi miki, har kika yi ta jira a bakin hanya. Ba mu kyauta ba."

Ta ci gaba da kallon busasshen ganyen da ke ƙasa. Ya ƙara zama, har ya fid da rai, ya yunƙura zai tashi. Sai ya ji an riƙe masa ƙafar wando.

"Bapak, kar ka taka. Akwai ɗaya a ƙarƙashin ganyen nan."

Maganar ba rana ɗaya ta dawo ba. Ta riƙa zuwa tana komawa, yau kalma biyu, gobe shiru, malamar kuma ta ci gaba da cewa "mun gode, Nduk" ko an yi magana ko ba a yi ba. Wanda aka ceto daga ƙafar Pak Wasito a baranda aka ajiye shi, nesa da kowane kasko. Da ya fashe, wani ɗan malam-buɗe-littafi ne ya fito, ƙarami, ruwan ƙasa. Kinanti ta ƙura masa ido ta ce, "Ashe ma ba shi da kyau," ta tuntsire da dariya. Ita da kanta ta nemi a kira uwarta don ta ba ta labari. Ruwa ya ɗauke, ba wanda ya sake ambaton birni.

Bu Partini, ke ce kika san cewa yaro ba ƙofa ba ne da za a yi ta bugu sai ya buɗe. Ke ce kika ba shirun yarinya wurin zama a tabarmarki, daidai da maganar kowa. Malamar baranda, mai kunne kafin baki. Ba ki da albashi, ba hotonki a bangon kowane ofis, kuma har gobe Mbah Ponikem na yawo tana cewa ita ta warkar da jikarta da kaskonta, ke kuwa sai ki gyaɗa kai ki ce, "Haka ne, Mbah, tafarnuwar ce ta yi aiki." Mun ga wannan ma, kuma ya ƙara mana ƙaunarki.

Kinanti ta girma, kuma ita ce za ta gaji tabarmar da kwandon in damina ta wuce. Masu zolaya na cewa yanzu matsalarta ɗaya, in ta fara bayani ba ta san birki ba.

Mun gode, Bu. Mun gode da 'ya'yanmu da kika dawo mana da su sun iya kallo, sun iya saurare, sun san sunan abin da ke tsirowa a bayan gidansu. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya ba ki tsawon rai ki ga jikokin barandarki. Mu kuma da muka rage, ba sai kowa ya buɗe makaranta ba. Wanda ke da yaro a gida, ya gwada ko sau ɗaya ya ajiye waya, ya cire takalmi, ya zauna kusa da shi ba don ya tambaye shi komai ba. In ana ganin abin ya fi ƙarfin babban mutum, a zo ƙauyenmu farkon damina a ga Pak Wasito, sarkin dariya na dā, yana ratsa gindin jati. Furfura ta cika masa kai, zarto na kafaɗarsa, yana tafiya a hankali, yana duba inda zai sa ƙafa.