Injin da ya sha ruwan suruki

Bayan babban farin da aka yi a shekarun saba'in, na yi aiki da wani kamfani a Kaduna mai shigo da kayan noma. Manyan motocin noma na gwamnati ne da attajirai, ni kuwa aka ba ni ƙananan injinan ban-ruwa, aka ce in nemo musu kasuwa wurin masu lambu. Shagonmu yana Kawo, kusa da tasha.

An ɗauke ni ne don na yi yawo. Na zauna a Sudan, na ga bakin kogin Nilu a Masar inda har lokacin ana ɗibar ruwa da jigo irin namu, na kuma ga ƙauyukan Indiya da ƙaramin inji ya shige su. A can kowane manomi ya san ranarsa ta ruwa, in wani ya ci masa rana a fili zai tsaya ya yi masa ihu. Na ɗauka mutane ko'ina haka suke.

Wanda ya fara saye a hannuna wani direban babbar mota ne, Bakatsine, da ya gaji da hanya ya sami fili a fadama bayan Katabu. Ranar da muka kai injin masu lambu suka kewaye mu. Da ya tashi, ruwa ya feso ta tiyo, wani ya daka tsalle ya ce, "Kai, direba, ka bar mota ka auro ƙanwarta!" Direban ya ce, "Ku dai ci gaba da rusuna wa sanda, ni bayana ya huta."

Rafin ba babba ba ne. Da rani yakan tsinke ya bar gurabu, ruwa na silalewa daga wannan gurbi zuwa na ƙasa. Da jigo, mutum ba ya ɗibar abin da ya wuce ƙarfin damtsensa, saboda haka ruwan yana isar kowa ba tare da an taɓa zama an raba ba. Lambun direban yana sama. Na ƙasa da shi, bayan wata kwana da duhuwar mangwaro ta rufe, na wani dattijo ne mai albasa, kuma 'yarsa ce matar direban.

Nakan je duba injin lokaci-lokaci. Wata rana da zafi ya fara tsananta na gangara ƙasa don in yi wa maƙwabta talla. Na tarar da dattijon a gindin jigonsa, yana sauke guga tana fitowa da laka. Lawashin albasarsa ya kwanta, bakin ganyen ya yi fari.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, tun yaushe ruwan ya janye?"

Ya ce, "An kwana biyu, Malam."

"Injin can ne ke shanye shi. Ka gaya masa?"

Ya daɗe yana goge laka a hannunsa. Sannan ya ce, "Yaron nan yana nema wa iyalinsa abinci. Ni ne zan aika masa a kan ruwa?"

Ko sunansa bai kama ba. A nan na tuna inda nake. Suruki ba ya buɗe baki ya roƙi mijin 'yarsa, shi kuma mijin 'yar ba ya ratsa gonar surukinsa yana leƙe-leƙe. In ya hango shi a hanya ma, cire takalmi yake ya durƙusa daga nesa. Kowannensu yana kiyaye mutuncin ɗan'uwansa, albasa kuma tana mutuwa. Sauran masu lambu sun gani, amma ba mai son shiga tsakanin surukai.

Ni baƙo ne, ɗan kamfani, kunyar ba ta hau kaina ba. Na hau sama na faɗa wa direban abin da na gani. Ya kashe injin nan take. Ya zauna a bakin fangali ya ce, "Wallahi, Malam, a gida ake ce mini Baba yana lafiya."

Bai iya zuwa ya ba da haƙuri ba, don yin hakan tamkar faɗa wa dattijon ne cewa an ga gazawarsa. Sai ya jira Juma'a. Da tsohon ya hau kekensa ya tafi masallaci a Kawo, muka ɗauki injin a ka, muka gangara da shi, muka ja tiyo daga gurbin sama muka cika fangulan tsohon har suka tumbatsa. Kafin la'asar mun mayar da komai, mun share sawunmu. Haka ya riƙa yi duk Juma'a har ƙarshen rani, ranar kuma ba ya ba nasa lambun ko ɗigo.

Albasar da ta rayu ba ta kai rabi ba. Dattijon bai taɓa tambayar wa ke jiƙa masa ƙasa ba. Da ya cire albasa, ya aika wa 'yarsa kwando guda, ya ce a ba maigidanta.

Daga baya na sayar da injina da yawa a wannan yanki, kuma nakan fara tambayar mai saye wane ne a ƙasa da shi. Da rani ya zagayo na koma fadamar. Sandar jigon tana tsaye, amma babu igiya, babu guga. Aka ce mini tsohon ya bar wa surukinsa filin ta bakin wani aminsa, ya ce gwiwa ce ta hana shi.