Motar da Ba Ta Sallama

Ban taɓa mantawa da ranar da muka je riga-kafi muka tarar da wuri wayam ba, alhali waɗanda muka je dominsu suna nan suna jiranmu. A shekarar da aka cire tallafin mai ne, bayan kaka, lokacin ina direban sashen riga-kafi a wani ƙaramin asibiti a Bagudo.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Da safe ake ɗauko allurai daga firji a saka a akwatin sanyi, a jera ƙanƙara kewaye da su. In ƙanƙarar ta narke maganin ya ɗumama, ya tashi aiki ke nan, sai zubarwa. Ni nawa tuƙi ne. Allura da kati na shugabar tawagarmu ne, Sista Balki, mace mai kirki amma ba ta haɗa hanya da ɓata lokaci ba.

Shekara da shekaru da wata tsohuwar akori-kura muke shiga ƙauyuka, wadda muka raɗa wa suna Gwaggo. Salansarta a fashe take tun kafin in zo aikin, ga ta da shan mai kamar raƙumin da ya samu rijiya. Da mai ya yi tsada, sai ƙungiyar da ke tallafa wa asibitin ta kawo mana wata 'yar mitsitsiyar mota mai aiki da fetur da batir. But ɗinta, wato wurin kaya na baya, akwatin sanyi kawai yake ɗauka, ni kuwa da tsawona gwiwata har tana taɓa sitiyari. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in ka rage gudu sai injin ya yi tsit, amma motar tana ta tafiya. Ranar farko sau nawa ina fita in buɗe bonet, ina zaton ta mutu. Gaskiya ban so ta ba, sai dai allurar mai ba ta motsi, wannan kam na sara mata.

Fitarmu ta farko da ita mai nisa, wata ruga muka nufa can gaba da Geza, wajen iyakar Benin. Tafiyar ba ta ɗaguwa, domin washegari Fulanin za su kora shanu su tsallaka iyaka neman ciyawa, ba su dawowa sai damina. Yaron da bai samu allurarsa a ranar ba, ya rasa ta ke nan har wata shekara.

Muka isa gindin tsamiyar da muka saba tsayawa, kusa da rumfar mai injin niƙa. A da kafin in kashe mota mata sun cika wurin da goyo. Ranar nan ko kaza babu. Muka shimfiɗa tabarma, muka zauna. Na danna hon, ya yi wani siririn kuka irin na babur, ga shi kuwa babura masu dakon jarkoki ba su fasa wucewa ta nan suna hon, wa zai kula? Sista ta tambaye ni ko mun yi kuskuren rana, na ce a'a. Ta ce ko an yi rasuwa. Ta ce ko wani ya zuga su a kan allurar. Ni ma na shiga saƙe-saƙe, har na fara tunanin ko sun riga sun tashi. Amma ga hayaƙi can yana tashi daga bukkoki, ga shanu a mashaya. Rana tana ta ɗagawa, Sista tana buɗe akwati tana taɓa ƙanƙara, fuskarta tana ƙara ɗaurewa.

Can sai ga Arɗon rugar tafe da sandarsa, zai wuce kasuwa. Da ya gan mu ya yi turus. Muka gaisa, na ce ranka ya daɗe, lafiya mutanenka suka ƙi fitowa?

Ya ce, "Wa ya ƙi? Tun da safe mata sun yi ma ɗiya wanka suna saurare. Ina motarku?"

Na nuna masa. Ya zagaya ta yana kallo, ya girgiza kai.

"Wagga ai ba ta yi muna sallama ba. Waccan tun tana bayan tudu muka jin ta."

Sai a lokacin na gane. Ba mu taɓa aika kowa ya yi shela ba, ba mu kuma taɓa tambayar yadda ake sanin mun iso ba. Bukkokin a warwatse suke, bi ɗaya-ɗaya zai cinye mana ƙanƙara. Sai dabara ta zo mini, na roƙi mai niƙa ya tayar da injinsa, tunda ƙararsa ta yi kusa da ta Gwaggo. Ya tayar. Ba a jima ba kuwa sai ga mata ta ko'ina, na fara murna. Da suka matso, kowacce da ƙwaryar hatsi a ka, babu mai goyo ko ɗaya. Sista ta dube ni, ni kuma na dubi tsamiya.

Arɗo ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yi musu magana da Fulatanci, suka ajiye ƙore suka juya da sauri. Haka aka yi allurar, mai niƙa kuma ya samu cinikin da bai yi tsammani ba.

Muna shirin naɗe tabarma Arɗo ya ce saura surukarsa Jumma, wadda bukkarta ta fi ta kowa nisa, can ƙarshen burtali. Ba ta da niƙa, don haka ba ta fito ba. Ƙanƙara saura kaɗan, ƙafa ba za ta kai mu ba. Burtalin nan Gwaggo ba ta taɓa shigarsa ba saboda ƙunci. Na dubi 'yar motar, na ce bismilla. Ta kutsa tsakanin shinge da shinge, ko ƙaya ba ta karce ta ba.

Muka iske Jumma zaune a kan turmi ta ba mu baya, jaririnta a goye, kati a hannu, ta karkata kunne wajen tudu. Har muka tsaya dab da ita ba ta waiwayo ba. Sai da Sista ta yi sallama ta zabura.

Ta ce, "Tun hantsi nika saurare. Na ɗauka kun manta da mu."

Maganar nan ta taɓa ni ƙwarai. Aka yi wa yaron allura da sauran sanyin da ya rage.

Tun daga ranar, kowane sabon wuri za mu, sai na fara tambayar yadda mutanensa ke sanin baƙo ya iso. Ku masu tasowa ku riƙe wannan. Motar nan ta yi mana aiki, har yau ina yabonta. Amma salansar Gwaggo da na yi shekaru ina naci a gyara, ashe ita ke yi mana rabin aikin.