Mun Je Nima Neman Fuskar Kakata

Ana kiran assalatu muka tashi daga Agege, ni da gwaggona, bayan mun kwana a Legas wajen wani ɗan'uwa. Ta riga ni shiri, tana zaune a kan jakarta da carbi a hannu tana cewa na cika nawa. Masu tambayar ina na shige kwana biyun nan, to Gana na je, kuma ba fatauci ya kai ni ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, a Mamobi aka haife ta, cikin babban birnin Gana da har yau take kira Ankara. Tana yarinya mahaifiyarsu ta rasu, babana yana goye, sai kakanmu ya tattara 'ya'yansa ya komo Kano. Marigayiyar ba ta bar hoto ko ɗaya ba, an ce da ta ji mai hoto ya shigo gida sai ta shige ɗaki. Yanzu idon Gwaggo yana tafiya. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kuwa likita ya ce hawan jinin ido ne, sai dai a rage masa gudu. Ana cikin haka dangi na can suka turo mana labarin wani mai zane a unguwar Nima, maƙwabciyar Mamobi, da ke zana mamatan da ba su bar hoto ba. Gwaggo ta kira ni ta ce tana so ta sake ganin fuskar Inna kafin ɗayan ma ya rufe. Ni a raina ban yarda da abin ba, amma ban iya ce mata a'a ba.

Hanyar ba ta da laifi, iyakokin ne ke cin rai. Daga Seme zuwa Aflawo sai da na gaji da fito da fasfo, kuma kuɗin aljihuna suka tashi daga naira suka koma sefa suka koma sidi, kowane canji suna ƙara ramewa. A Kwatano 'yan acaɓa sun fi ƙuda yawa. A Lome teku yana gefen titi, ga bishiyoyin kwakwa a jere, na ce wa Gwaggo ta leƙa, ta ce ita ƙamshinsa ya ishe ta. Da muka shiga Gana na kama lissafin kome da naira, daga ruwan leda har soyayyar doya, ina ta salati. Gwaggo ta ce in zan ci in ci, in zan yi kuka in sauka daga motar mutane.

La'asar sakaliya muka sauka a Ankara, aka ɗauko mu a torotoro, wato bas ɗinsu ta haya, muka bi ta Kawukudi zuwa Mamobi. Gidan jikokin ƙanwar kakata ne. Tun daga bakin lungu na ji wata mata tana shela: "Hajiya ya zo! Hajiyan Kano ya zo!" Na waiga ina neman namijin da ya biyo mu. Hausar Zango ke nan, wato ta unguwannin Hausawan Gana, ba ruwanta da mace ko namiji, tana tafe tana ɗiban Turanci da yaren Tiwi a hanya, kuma ga daɗi a kunne. Suka rungume Gwaggo aka yi ta kuka, sannan aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, kukan ya tsaya cak.

Da safe muka karya da koko mai yaji da ƙosai da pinkaso, wato funkasonsu. Wanda bai ci wake da shinkafarsu ba, wanda suke dafawa da karan dafi har ya yi ja, a zuba masa baƙin yajin nan shito da taliya da garin rogo da ƙwai, kada ya ce min ya je Gana. Nima kuwa lungu ne a cikin lungu, wani in kana da tumbi irin nawa sai ka karkace. Kowace kwana da masallaci, kowane masallaci da mai shayi a gindinsa. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne bango. Shagon aski da kawuna a zane, gidan abinci da kifi kamar zai yi tsalle, gidan alhaji da Ka'aba da jirgin sama. Na fara tunanin wataƙila dangin nan ba ƙarya suka yi mana ba.

Shagon mai zanen ɗaki ne ɗaya a bayan wani mai walda. Sunansa Awudu, amma kowa Masta yake ce masa. Siriri ne, furfura ta fara masa, rigarsa duk ɗigon fenti. Ya durƙusa ya gai da Gwaggo, ya kakkaɓe mata kujera. A bango ga yadudduka masu kauri da ya ja a kan katako: mata 'yan dako ɗauke da tasoshin albasa a kasuwar Agbogbuloshi, tsofaffi suna dara, wata amarya da lalle. A sama da su duka an rataye wani tsohon allo mai zayyana.

Na tambaye shi allon na mene ne, ya ce daga nan ya fara. Mahaifinsa malami ne, shi kuma tun yana ƙarami hannunsa ya fi na kowa kyau a makarantar, don haka duk mai sauka shi ke yi wa allonsa zayyana da alƙalamin kara da jar tawada. Daga nan wani mai aski ya ce ya zana masa kawuna a jikin katako, ya biya shi da aski kyauta. Sai bayan manyan motocin da ke zuwa arewa, zaki da dabino da addu'ar tafiya. Mahaifinsa ya daɗe ba ya shiga shagon, yana cewa ya koya masa rubutu ya ɓuge da zanen ƙeyar mutane. Ba su yi faɗa ba, sai dai tsohon yakan wuce ta ƙofar ya kau da kai. Wata rana ya shigo da allon nan a hannu, ya rataye da kansa, ya ce kome zai zana ya tuna inda hannunsa ya koyi tafiya. Masta ya ce bai taɓa zama a ajin koyon zane ba, kallon mutane a torotoro shi ne karatunsa.

Gwaggo ta gyara zama za ta fara siffanta Inna, sai ya ɗaga hannu.

"Mma Hajiya, yi haƙuri, kar ka faɗa min. Kowa ya zo nan uwanshi dogo ne, fari ne, hancinshi kamar biro. In na bi baki, mutum ɗaya zan zana ma duk Nima. Kawo min dangi kawai, ka nuna min wa ya ɗauki me."

Haka yake aikinsa ashe. Ba ya karɓar kwatance, a fuskar masu rai yake tsinto mamaci. Washegari aka kwaso dangi suka cika shagon har waje. Gwaggo ta riƙa kiransu ɗaya-ɗaya, ta matso da fuskarta dab da tasu, ta shafa da hannu. Wata mai sayar da atamfa ta ba da idanu. Wata malamar makaranta ta ba da haɓa. Wata da ke ta dariya tun da muka zo aka ce bakinta ne sak, har da wushirya. Ina gefe ina cin gyaɗa ina yi musu dariya, sai na ji Gwaggo ta ce, "Goshin kuwa da kumatu, ga su can wajen wancan mai cin gyaɗar." Shagon ya kwashe da shewa. Haka na cire hula na zauna a kan benci, ni da gemuna, ana ɗibar fuskar mace a jikina.

Na lura da shi yana aiki. Da gawayi yake farawa, yana gogewa da babban yatsa, a murfin bokiti yake haɗa kala. Ya fi daɗewa yana kallo a kan yana zane, kuma yana jan mutum da hira don kada fuska ta sandare. Da aka kira salla ya ajiye buroshi a gwangwanin ruwa, muka tafi masallaci tare.

Kafin ya gama, muka samu sararin yawo. Na raka matan gida Kasuwar Malam Atta, na ga doya kamar cinyar ƙato, da tarugu, da busasshen kifi iri-iri. Na sha burkina mai sanyi, wato gero da nono, har sai da aka fara yi min tsiya da ita. Gwaggo kuwa ba ta fita. Tana zaune a tsakar gida tana ɗiga maganin ido, kullum sai ta tambaye ni ko Masta ya aiko. Nan na fara jin tsoro. In abin bai yi kama ba, ban san da bakin da zan lallashe ta har Kano ba.

Ranar da ya kira mu, da hantsi ne. Ya fito da zanen ƙofar shago inda haske yake, ya yaye ƙyallen da ya rufe shi. Wallahi ya yi kyau. Mace ce mai cikar fuska da ɗaurin ɗankwali, tana shirin yin murmushi, kuma duk wanda ke wurin ya ga wani abu nasa a jikinta. Dangi suka fara kabbara. Gwaggo ta matsa har hancinta ya kusa taɓa yadin, ta karkata kai tana duba da idon dama. Ta daɗe. Sannan ta sa hannu ta shafa kumatun, ta janye.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ka yi ƙoƙari," in ji ta. "Amma wannan ba Inna ba ce."

Masta bai ji haushi ba, ya durƙusa a gabanta ya tambaye ta ido ne ko baki. Ta ce duk nata ne, sai dai fuskar a shafe take kamar ta jariri. Ta ce Inna Bagobira ce, in ta kwantar da ita a cinya, da tsagar kumatunta take wasa har barci ya ɗauke ta.

Masta ya dafe kai ya yi salati. Ya tara fuskar daga jikoki, kuma a cikinmu babu ko ɗaya mai tsaga, an bar yi tun kafin a haife mu. Ya hana a siffanta masa, ita kuma Gwaggo ba ta taɓa zaton sai an faɗa ba, don a wurinta tsagar ita ce fuskar. Ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki, ko mamata nawa ya mayar wa danginsu a shafe ba su iya gane abin da ya ɓace ba, Allah kaɗai ya sani.

Ya ce ta nuna masa yadda take. Gwaggo ta ciro tandun kwallinta, ta ce in zauna. Na zauna. Ta kama haɓata ta riƙa ja min layi da kwalli tun daga gefen baki har kusa da kunne, dama da hagu, hannunta ko rawa ba ya yi. Matan suna ta ƙunshe dariya, mai waldar ma ya bar aikinsa ya leƙo. Ban damu ba, don na ji numfashinta ya canza tana cikin ja.

Abin da Masta ya yi daga nan shi ne ya sa na sara masa. Bai zana layukan da buroshi ba. Ya dama fenti da kauri ya shafa a kumatun, sannan ya miƙa hannu bayan tsohon allon ya zaro alƙalamin kara, ya riƙa tsaga fentin da shi tun yana ɗanye, yana kallon fuskata. Ya ce idon Mma Hajiya ba zai daɗe ba, gara ya yi wadda hannu zai gani.

Da ya bushe muka komo. Gwaggo ta duba da ido tukuna, sannan ta ɗora yatsu a gefen bakin ta bi layin a hankali har kunne. Ta sake bi. Sai ta ce, "Inna, ina wuni," da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Na juya na fita waje ina kallon mai walda, kuma ba walƙiyarsa ce ta sa idona ruwa ba.

A dawowa Masta ya hana a naɗe zanen don kada tsagar ta fashe, don haka a cinyata ya yi tafiyar, cikin kwali. A kowace iyaka sai an ce in buɗe. Wani jami'i ya dubi zanen ya dubi goshina ya ce, mamanka ce? Na ce kakata ce, kuma karo na farko ke nan da na faɗi haka ina da fuskar da zan nuna.

Mun iso Kano lafiya, da shito a kwalba da gajiya a gadon baya. Na tafi ina ganin zane aikin masu allon aski ne, na dawo na san akwai abin da dangi ke ɗauke da shi a fuska ba su sani ba, akwai kuma wanda in tsofaffi suka tafi ya tafi ke nan. In kuna da tsoho a gida, ku zauna ku tambaye shi tun yana iya nuna muku.

Na ɗauko guduma zan kafa ƙusa a sama kusa da agogo, Gwaggo ta ce in sauko da ita. Na sauko, ta ce in ƙara. Yanzu zanen yana gefen gadonta, ƙasa-ƙasa, daidai inda hannunta yake kaiwa in tana zaune.